Shin ƙwayar cutar HPV tana jawo ciwon dajin maƙogwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana, ɗan shekara 48, ba ya shan taba, amma an gano yana da ciwon daji a maƙogwaro, aka ce HPV ce sila. Ba ita ce ke kawo dajin bakin mahaifa ba? Ni ma ina cikin haɗari? Daga wata baiwar Allah, Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ita ce dai. HPV tana da ire-ire sama da 200, amma mai lamba 16 ce ke jawo mafi yawan dajin da take haddasawa a maƙogwaro. Tana son gindin harshe da tansil, wato ƙululun naman nan biyu na gefen beli, domin suna da ƙananan ramuka da take laɓewa a ciki. Tana fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, da ke kashe birkin da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai.

Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, musamman idan baki ya shiga ciki. Yawancin mutane jikinsu na kawar da ita cikin shekara biyu ba su ma sani ba. A 'yan kaɗan take zama, kuma sai ta shekara goma, ashirin ko fiye kafin daji ya fito. Don haka wannan sakamako ba ya nuna yaushe aka ɗauka ko daga wa, kada ya zama abin zargi a gidanki. Ciwon dajin kansa ba a ɗaukarsa, kuma haɗarinki kaɗan ne. Ki dai je a yi miki gwajin bakin mahaifa.

Abin da ya fi damun mu shi ne jinkiri. Sau da yawa alamar farko kaluluwa ce a gefen wuya wadda ba ta ciwo, sai a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a kai wa wanzami ya tsaga. Tsagawa na ɓata wurin, ta wahalar da magani daga baya. Babban mutum da kumburin wuya ya wuce mako 3, ko ciwon kunne ɗaya, ko wahalar haɗiya, ya ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Za a leƙa da siririyar kyamara ta hanci, a zuƙi kumburin da allura, domin tarin fuka ma na kawo irinsa. Gwajin p16 a kan naman da aka ɗiba shi ke nuna alamar HPV.

Irin wannan dajin ya fi wanda taba da giya ke jawowa jin magani, musamman gashi da na'ura haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Kada maigidanki ya tsallake ko kwana ɗaya na gashin, kuma likitan haƙori ya duba shi kafin a fara.

A Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a Kano, allura ɗaya, kuma tana kare su daga mai lamba 16. In kuna da 'ya'ya mata a wannan shekarun, ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ki tambaya game da rigakafin.