Bugaggen man kaɗanya a zafin Damagaram: a ci bashi a sayi firji, ko a gyara lissafi?

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni a Damagaram, wato Zinder, ta aiko da tambaya kan sana'ar da ta fara da kuɗin adashenta. Tana narka man kaɗanya ta haɗa shi da man kwakwa da turare, ta buga shi har ya tashi kamar kumfa, ta zuba a ƴan robobi tana sayar da kowace ɗaya jaka guda, wato sefa 1,000. Ta ce a watan Janairu kayan ba su kwana, amma da Afrilu ya kama sai man ya narke a cikin roba ya koma rabi, har wata mai saye ta maido mata da roba uku tana cewa an tauye mata mudu. Yanzu tana shawarar karɓar bashin sefa 200,000 ta sayi firji da babbar na'urar bugawa, kuma tana son sanin ko hakan daidai ne.

Malama, shawarata ita ce kada ki ci wannan bashi a bana. Firji zai tsare man ne muddin yana ɗakinki, amma da zarar mai saye ta ɗauke shi ta sa a jaka, ta hau kabu-kabu da rana tsaka, ta ajiye shi a kan madubi cikin ɗakin da aka rufa da kwano, aikin firjin ya ƙare, kuma sunanki ne zai sha zargin. Matsalarki tana cikin yanayin man kansa da kuma farashin da kika sa masa, kuma dukansu biyun ana gyara su ba tare da an ranci ko dala ba.

Man kaɗanya yana fara sakin jiki ne da zafi ya haura digiri 32, kafin ya kai 40 kuwa ya zama ruwa, shi ya sa yake narkewa da an murza shi a tafin hannu. Man kwakwa ya fi shi rauni nesa ba kusa ba, domin tun daga digiri 24 yake narkewa, wanda ke nufin a garinmu kusan duk shekara ruwa ne. Bugun da kike yi ba ya ƙara ko giram ɗaya na mai. Iska ce kike cusawa tsakanin daskararren man, ita ce take sa ya kumbura ya yi laushi ya cika roba. Idan man ya narke, iskar ta fice, in ya sake daskarewa ba za ta komo ba. A Zinder, inda zafin rana a Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a kai a kai, babu dabarar da za ta riƙe wannan kumfa a hannun mai saye. Na taɓa buɗe irin wannan robar a shagon wata mai kayan kwalliya a Zango wajen ƙarfe biyu na rana: daga murfi zuwa inda man ya tsaya akwai tazarar yatsu biyu, mai rawaya ya taru a sama yana sheƙi, a jikin robar kuma ga shatin inda kumfar ta kai da farko. Duk wanda ya ga wannan shati zai rantse an lakaci kayan, alhali da za a ɗora a sikeli nauyin bai ragu ba.

Saboda haka ki ɗauki bugaggen mai a matsayin hajar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska take busar da fata, ƙafa take faso, leɓe yake tsagewa, lokacin ne mutane suke neman mai da gaske, kuma lokacin ne sanyin asuba yake taya ki aiki kyauta. Da bazara ta shigo sai ki daina bugawa ki koma ga wanda ake zubawa a narke ya daskare a cikin roba, ki ƙara masa kakin zuma kamar giram 50 zuwa 100 a kowane kilo. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62, don haka yana ba haɗin ƙarfi, kuma ko ya yi taushi da rana ba zai sauka ya bar rami ba tunda dama babu iska a cikinsa. Ki gaya wa masu saye dalilin canjin da bakinki. Mace takan yarda da mai sayarwar da ta ce mata wannan na sanyi ne, wancan na zafi.

Shi ma na hunturun haɗinsa yana son gyara. Ki rage man kwakwa ko ki bar shi gaba ɗaya, ki sa giram 800 na man kaɗanya da giram 200 na mai mai ruwa, kamar man riɗi ko man aduwa da ake tatsa a yankinmu, waɗanda ba sai kin jira an kawo daga nesa ba. Kada ki ɗora man kai tsaye a kan wuta. Ki sa kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, ki tace da ƙyalle mai tsabta, sa'an nan ki sanyaya shi da sauri ta hanyar dasa kwanon cikin ruwan ƙanƙara. Saurin nan yana da dalili. Man kaɗanya ya ƙunshi kitse iri-iri da ba sa daskarewa lokaci ɗaya, idan aka bar shi ya huce a hankali sai mai taurin ya riga sauran ya dunƙule, shi ne tsaki-tsakin da ake ji kamar yashi a fata. In gefen kwanon ya yi fari, tsakiya kuma yatsa yana shiga, sai ki buga. Ƙaramar na'urar buga ƙwai ta masu yin kek ta wadatar da kilo ɗaya ko biyu, ƙanƙarar sefa 100 ko 200 kuma ta yi miki aikin da kike son firji ya yi, ba tare da fargabar ɗauke wuta ba.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne ruwa. Wannan haɗin mai ne zalla, shi ya sa yake daɗewa ba tare da maganin hana lalacewa ba, amma ɗigon ruwa daga jiƙaƙƙen cokali ko tururin tukunya ya isa ya jawo fumfuna. Don haka kada ki zuba humra ko wani turare mai ruwa a ciki, sai turaren mai, shi ma kada ya wuce giram 10 a kilo, kuma a bar shi sam a wanda za a shafa wa jarirai.

Yanzu ga lissafi, wanda a ganina ya fi narkewar hatsari, domin narkewa ana ganinta, asarar farashi kuwa a ɓoye take cin jari. Zan yi amfani da farashin da kika rubuto. Kin ce kilon man kaɗanya 3,000 kike saye, giram 800 ke nan 2,400. Litar mai 2,500, giram 200 zai kama wajen 550. Turare 800. Kin ce kowace roba 250, takardar da ake mannawa 50. Kilo ɗaya na haɗi ba ya ba da roba goma masu giram 100, domin wani ya tafi a ƙyallen tacewa, wani ya manne a kwano da na'ura, tara za ki samu. Robobi tara da takardunsu 2,700. Ƙanƙara da gawayi da kuɗin zuwa Kasuwar Dole a ce 550. Jimilla 7,000. Sa'an nan akwai abin da ba ki rubuta ba, wato ladan aikinki na sa'a uku, wanda in da wata za ki ɗauka ba za ki ba ta ƙasa da 1,000 ba. Uwar kuɗi ta zama 8,000, kowace roba ta tsaya miki kusan 890. Kina sayarwa 1,000, ribarki a kan kilo guda jaka ɗaya ce tak. Roba ɗaya da kika ba ƙanwar miji kyauta, ko wadda maƙwabciya ta ɗauka sai an yi albashi, ta cinye ribar wannan bugu kaf, ukun da aka maido miki kuwa sun cinye ta bugu uku.

Ki dubi wani abu a cikin waɗannan alƙaluma: roba da takarda sun ci 2,700, man kaɗanyan da ake sana'ar dominsa ya ci 2,400. Mazubin ya fi abin da ke cikinsa tsada, kuma bugun yana ƙara wannan nauyi, tunda giram 100 na bugaggen mai yana neman robar da ta fi ta wanda ba a buga ba girma. A nan ya kamata ki matsa. Ki haɗa kai da mata biyu ko uku masu sabulu ko turaren wuta ku yi sarin robobi da yawa lokaci guda ta hannun ƴan kasuwar da ke zuwa Kano ta Matamaye da Daura, ku tambayi farashi da naira da sefa duka biyu kafin ku biya, domin canji yana motsi. Ki kuma rage wa duk wadda ta dawo da robarta a wanke a bushe sefa 150. Kin tsira da 100, ita kuma kin ba ta dalilin komowa wajenki.

Farashin da nake ganin ya dace shi ne 1,500 ga giram 100, ki kuma fito da ƙaramar roba ta giram 30 a kan 500 saboda ƴan makaranta da masu son gwadawa. Na san za ki ce a kasuwa ana samun curin man kaɗanya da arha. Gaskiya ne, amma mai sayen naki tana biyan tacewa da laushi da ƙamshi da tsabta ne, wadda kuwa arha kawai take nema dama ba taki ba ce. Ki sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram, ki auna kowace roba, ki rubuta nauyin a jiki tare da ranar da aka haɗa da abubuwan da ke ciki. Ranar da wata ta sake zuwa da ƙorafin an tauye ta, sai ki ɗora robar a sikeli a gabanta.

Da sabon farashin ribarki za ta kama wajen 610 a kowace roba. Bashin 200,000 yana buƙatar ki sayar da roba sama da 320 kafin ki biya uwar kuɗin kaɗai, ban da kuɗin ruwa, wanda a ƙasashen da ke amfani da sefa ta Afirka ta Yamma dokar da ta fara aiki a 2014 ta yarda ƙananan cibiyoyin bada rance su kai shi har kashi 24 cikin ɗari a shekara. Masu bin bashi ba su san hunturu da bazara ba, kowane wata za su zo, ciniki kuwa wata huɗu yake da ƙarfi. Ga kuma damuwar da mutane da yawa suke da ita game da kuɗin ruwa ta fuskar addini, wadda ke kika san matsayinki a kanta. In akwai abin da ya cancanci ki zuba kuɗin adashe na gaba a kansa, to man kaɗanyan ne. Itacen kaɗanya ba na yankinmu ba ne. A Nijar sai can kudu, irin su wajen Gaya, sauran daga Najeriya da Benin da Burkina Faso yake shigowa. Ana tsintar ƴaƴan da damina, sabon mai yana yawaita bayanta, don haka ki saya a Oktoba kafin buƙatar hunturu ta ɗaga farashi, ki adana a bokiti mai murfi a inuwa. Kafin ki biya ki lakata ki murza a bayan hannu: na kirki yana narkewa sumul, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi, wanda ya tsufa kuma warinsa yana hawa kai.

Akwai jarabawar da za ta zo miki, in ma ba ta riga ta zo ba. Wasu za su tambaye ki ko man yana sa haske, wasu ma za su ba ki shawarar ki matse bututun man bilicin a ciki don ciniki ya ƙaru. Kada ki kuskura. Sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayuka suna sirantar da fata, suna barin tabo da nankarwa, kuma ranar da fuskar wata ta lalace, a gidan biki za a ambaci sunanki. Haka nan kada ki rubuta cewa yana warkar da ƙyasbi ko wata cutar fata. Ki ce yana tausasa fata yana rage kaushi da faso, wanda shi ne abin da yake yi.

Batun rajista da lambar haraji ki bar shi sai ranar da wani shago ko kantin magani ya nemi ki riƙa kawo masa da takardar shaidar ciniki. Abin da nake so ki fara da shi a wannan makon shi ne littafi mai shafi biyu, hagu abin da ya fita, dama abin da ya shigo, har da robar da aka bayar kyauta da wadda aka ɗauka bashi da sunan mai ɗauka. Robobi ukun da aka maido kuma kada ki zubar, muddin ba a sa hannu a ciki ba: ki narka su tare da kakin zuma giram 25, ki zuba a ƙananan robobi, ki raba wa mata biyar da kika san ba za su ɓoye miki gaskiya ba, ki ce su ajiye a ɗakunansu mako biyu su gaya miki yadda ya kasance.