Barin Ci Na Wasu Awoyi Don Neman Lafiya: Hukuncinsa Da Yadda Manomi Zai Bi Da Shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, shekaruna sun doshi hamsin. Jikina ya yi nauyi, tumbi ya fito, in na sunkuya noma kaɗan sai haki. Da na je asibiti aka auna ni, aka ce suga ya fara hawa, jini ma haka. Ba a ɗora ni a kan magani ba, an dai ce in rage ƙiba in dawo. Yarona da ke karatu a Dutse ya nuna mini wani tsari a waya: mutum ya ci abincinsa duka cikin awa 8, sauran awa 16 ba ya cin komai sai ruwa, wasu kuma kwana biyu suke warewa a mako su rage ci sosai. Masu yi suna ce masa azumi. Da na kawo maganar a majalisa, wani ya ce bidi'a ce kuma koyi ne da Nasara. Malam, ya halatta? Akwai lada? Zan iya haɗa shi da azumin Litinin da Alhamis a niyya ɗaya? Ga damina ta ƙarato, gona ba ta jiran kowa. Sannan maiɗakina tana so ta bi ni, ga ta da goyo.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya mai amfani. Tsara lokacin cin abinci don neman lafiya halal ne, muddin ba ka ɗauke shi wata ibada ta musamman ba, kuma bai cutar da kai ba, bai sa ka tauye haƙƙin wani ba. Sai dai ba shi ne azumin shari'a ba, kuma ba ya zama a madadinsa.

Abokin majalisarka kishin addini ne ya sa shi magana, amma ya sa hukunci inda ba muhallinsa ba. Malamai sun raba ayyukan bawa gida biyu, ibada da al'ada. Ibada ba a yin ta sai da dalili. Al'ada kuwa asalinta halal ce har sai dalili ya hana. Ƙarfe nawa za ka karya kumallo, malmala nawa za ka ci, sau nawa za a zuba maka a wuni, duk al'ada ce. Likita yana hana mai hawan jini yawan gishiri, ba mu taɓa jin an kira wannan bidi'a ba. Kamanceceniyar da aka hana mu da waɗanda ba Musulmi ba tana cikin abin da ya keɓance su na addini da alamominsa, ba ta shafi magani da kiwon lafiya ba. Balle ma rage ci namu ne tun asali. Allah yana cewa a Suratul A'araf, aya ta 31: ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Miƙdam bn Ma'adikariba cewa Annabi (SAW) ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba. 'Yan lomomin da za su tsai da gadon bayansa sun ishe shi. In kuwa babu makawa, to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Inda haɗarin yake shi ne a cakuɗa abu biyu. Azumin shari'a yana da iyaka da Allah ya yanka da kansa a Suratul Baƙara, aya ta 187: kamewa daga ketowar alfijir zuwa shigar dare, ba ci, ba sha, ba kusantar iyali, tare da niyya. Wanda ya kurɓi ruwa da gangan da hantsi ba mai azumi ba ne, ko da ya yi awa ashirin bai sa loma a baki ba. Yunwa a karan kanta ba ta kusanta bawa ga Ubangijinsa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) yana huɗuba ya ga wani mutum a tsaye, aka ce masa Abu Isra'ila ne, ya yi bakance zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Dubi yadda ya tace masa: abin da shari'a ta sani ya bar masa, wahalar da ya ƙirƙira wa kansa ya sauke masa. Saboda haka ranar da kake wannan tsari kana shan ruwa, kada ka ce wa mutane kana azumi, kada kuma ka sa ran ladan mai azumi. Amma in ka ƙudurce a ranka cewa kana gyara jikin da Allah ya ba ka amana ne don ka iya tsayuwar sallah da ciyar da iyali da guminka, ina kyautata zaton za ka samu ladan wannan niyya, domin ayyuka suna tare da niyyoyinsu. Maganar nan da ake yawan yaɗawa wai Annabi ya ce ku yi azumi ku samu lafiya, malaman hadisi sun raunana ta, kada ka kafa hujja da ita.

Batun haɗa niyya shi ne ya fi buƙatar natsuwa. In ka yi cikakken azumin Litinin ko Alhamis, daga alfijir zuwa magariba, kana nufin yardar Allah, kana kuma fatan tumbin ya sauka, azuminka ya inganta. Wannan ba riya ba ce. Riya ita ce yin aiki don idon mutane. Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya bambance su a littafinsa Alfuruƙ, har ya buga misali da wanda ya yi azumi don jikinsa ya yi lafiya tare da nufin azumin kansa, ya ce wannan ba ya ɓata masa azumi. Hujjarsa hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa samari wanda bai da halin aure ya lazimci azumi don ya zame masa kariya. Ga shi nan shari'a da kanta ta sa manufa ta jiki a cikin azumi. Allah kuma ya halatta wa mahajjaci fatauci a aikin hajji, a aya ta 198 ta Baƙara. Alƙarafi ya ƙara da cewa irin wannan cakuɗawa tana iya rage lada, kuma ibadar da aka tsarkake ta daga wata manufa ta fi girman sakamako. To ka auna zuciyarka da wannan: da likita zai ce maka gobe azumin Litinin ba ya rage ƙiba ko kaɗan, za ka ci gaba da yi? In amsarka i ce, ibada ce a gaba, lafiya tana biye. In kuwa a ranar za ka daina, to magani kake sha, sai ka gyara niyya kafin ka nemi lada.

Akwai hukunci biyu a mazhabar Imam Malik, wadda aka fi bi a ƙasarmu, da suka shafe ka kai tsaye. Na farko, azumi ko na nafila ne sai an kwana da niyyarsa. Ba za ka wayi gari kana tsarinka na barin ci ba, ka ga azahar ta yi ba ka sha komai ba, ka ce bari in mai da shi azumi. Wasu mazhabobin sun halatta niyyar nafila da rana bisa hadisin Nana A'isha da Muslim ya ruwaito, kuma saɓani ne mai tushe, amma kwana da niyya ya fitar da kai daga shakka. Na biyu, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa wanda ya karya azumin nafila da gangan sai ya rama. Don haka kada ka ɗaura niyya daren da ka san gobe akwai huɗa ko gayya, rana ta take ka sha ruwa ba tare da larura ta gaske ba, ka ɗora wa kanka bashi.

Shawarata ita ce ka bi shekara yadda take tafiya. Lokacin hunturu, bayan an kai amfani gida, wuni gajere ne, ƙishirwa ba ta da ƙarfi, daga alfijir zuwa magariba bai wuce awa 13 ba a wajenmu. Nan ne lokacin Litinin da Alhamis, ga kwana biyun da masu tsarin suke nema a mako, ga sunna. In sun yi maka yawa, ka riƙe kwana uku a kowane wata. Hadisin Abu Zarri ya ambaci 13 da 14 da 15 ga watan Musulunci, littafin Muhtasar na Malikiyya kuma ya kawo karhancin keɓe su saboda tsoron kada jama'a su ɗauka wajibi ne. Wanda ka ɗauka a ciki ba ka fita daga maganar malamai ba.

Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, da kuma damina lokacin shuka da noman firi da maimai, tsarin da ake shan ruwa a cikinsa ya fi dacewa da mai aikin ƙarfi. Ka ci tuwon dare da an sallame magariba, ka rufe baki daga nan sai ruwa. Da asuba ka sha ruwa sosai, ka ɗauki goranka ka tafi gona, ka karya da hantsi lokacin da yara ke kawo abinci. Daga bakwai na dare zuwa sha ɗaya na safe awa 16 ke nan, rabinta ka yi ta kana barci. Amma kada ka fara da 16. Fara da 12, jiki ya saba ka ƙara awa ɗaya, ranar aiki mai nauyi ka ci ɗumamenka kafin ka fita. Lambar 16 ba wahayi ba ce. Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma jiki ma haka yake so.

Abin da za ka ci in ka buɗe baki ya fi yawan awoyin muhimmanci. Galibin amfanin wannan tsari yana zuwa ne daga raguwar abin da ke shiga ciki a wuni. Wanda ya daure har hantsi sannan ya rama da malmala huɗu da fura mai suga da lemon kwalba, ya tare ruwa ne a wannan kunya ya ɓalle masa a waccan. Mai sugan da ya fara hawa ya fara da sugan koko da na shayi da na fura. Ka rage tuwo ka ƙara miya, ka yawaita wake da kwaɗon zogale da rama, duk suna bayan gidanka ko a kasuwar ƙauyenku. Ga mai hawan jini kuma a sassauta gishiri da dunƙulen miya.

Masu wuce gona da iri suna kwana biyu ko uku ba ci. In da sunan azumi ne, Annabi (SAW) ya hana sahabbansa saje, wato haɗa wuni biyu ba buɗe baki, ya ce shi ba kamar su ba ne, ana ciyar da shi ana shayar da shi. In da sunan magani ne, ƙa'idar da Malik ya kawo a Muwaɗɗa ta isa: ba cuta, ba cutarwa. Abdullahi bn Amr ya matsa wa kansa da yawan azumi yana saurayi, da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sassaucin da Annabi ya yi masa. Duk ranar da ka ji jiri, ko rawar jiki, ko gumi mai sanyi, ko ido ya fara gani dishi-dishi, ka ci abinci nan take. In ma azumin nafila kake, wannan larura ce, ka karya. Ka koma asibitin da aka auna ka, ka gaya musu tsarin da za ka shiga. Ranar da aka ɗora ka a kan ƙwayar suga ko allurar insulin, hukuncin ya canja: bai halatta ka ci gaba ba sai likita ya tsara maka, domin suga yana iya faɗuwa ya kayar da mutum a tsakiyar gona ba kowa kusa. Mai gyambon ciki da mai sikila da mai ciwon ƙoda da tsoho mai rauni da yaro mai tasowa, su ma kada su shiga da ra'ayin kansu.

In Ramadan ya zo ka ajiye lissafin awoyi gaba ɗaya. Kada ka bar sahur, Annabi ya ce akwai albarka a cikinsa. Kada ka jinkirta buɗe baki don awa 16 ta cika, ya ce mutane ba za su gushe cikin alheri ba muddin suna gaggauta buɗe baki. Ranar ƙaramar sallah ka ci wani abu kafin ka fita idi, haka sunna take.

Maiɗakinka kuwa ta dakata har ta yaye. Nonon nan haƙƙin jaririn ne, kuma shari'ar da ta sassauta wa mai shayarwa a farillan Ramadan in ta ji wa ɗanta tsoro ba za ta so ta takura kanta a abin da ba farilla ba. Ta rage suga da lemon kwalba tare da kai, wannan ba ya cutar da kowa. Bayan yaye ta nemi shawarar ma'aikatan asibiti, in kuma azumin nafila za ta yi kana gari, ta sanar da kai ka yarje mata, kamar yadda hadisin Abu Huraira ya nuna.

Kada kuma tsarinka ya zama doka a kan gidan. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Yara su sha kokonsu da safe kafin makaranta. 'Yan ƙwadagon da ka ɗauka a kai musu abinci a lokacin da aka saba, kada su jira agogonka. In baƙo ya sauka da dare, ko aka kira ka walimar ɗaurin aure ko suna da safe, ka sa hannu a kwano tare da jama'a. Tunda ba azumi kake ba, babu ramuwa a kanka, gobe sai ka koma kan tsarinka.

Allah ne mafi sani.