An Fasa Maka Kai, Kawu Ya Ce Ka Yi Shiru

Wani matashi ɗan Maraɗi ya rubuto mini daga Bronx, a birnin New York. Sana'arsa kai wa mutane abinci a kan keke mai batir, bizarsa kuma ta ƙare shekara biyu ke nan. Makon jiya da daddare wasu mutum biyu suka tare shi a ƙofar wani bene, suka buga masa ƙarfe a ka, suka tafi da keken da wayarsa. Sai da aka yi masa ɗinki a asibiti. Kawunsa, wanda yake kwana a gidansa, ya ce kada ya kuskura ya je wajen 'yan sanda, zai jawo wa gida 'yan shige da fice. Wani dillali kuma ya ce ya kawo dala 5,000 ya samo masa "bizar waɗanda aka zalunta". Tambayarsa ita ce: in na kai ƙara, ni za a kama?

Ƙanena, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ka je ka kai ƙara.

'Yan sandan New York na birni ne, hukumar ICE mai kama marasa takardu kuwa ta gwamnatin tarayya ce. Tun 2003 magajin garin na lokacin, Bloomberg, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 41, wanda ya ce ba a tambayar wanda aka zalunta, ko shaida, ko mai neman taimakon 'yan sanda, halin da takardunsa suke ciki. Birnin ya yi haka ne don tsaron kowa. In dubban mutane suna tsoron kai ƙara, ɓarawo ya samu gona. Waɗanda suka tare ka sun san masu kai abinci ba sa magana, shi ya sa suke bin ku. Gobe wani yaron za su tare a ƙofar benen nan.

Tsoron kawu yana da tushe, amma a wani wuri. Jihar Texas ta yi doka a 2017 da ta hana biranenta irin wannan kariya, kuma a Florida da wasu jihohi akwai yarjejeniyar 287(g), wadda ke bai wa 'yan sandan gari wani sashe na aikin shige da fice. Da daga can ka rubuto, da na ce kada ka ɗaga ƙafa sai da lauya. Ko a New York ɗin ma, dokar birni ba ta ɗaure hannun ICE ba, kuma duk wanda aka kama aka ɗauki zanen yatsunsa, bayanin yana isa tarayya. Saboda haka kada ka tara abokai ku je ramuwa, kada ka ba ɗan sanda sunan ƙarya ko katin wani. In kuwa alƙalin shige da fice ya taɓa ba da umarnin a fitar da kai, ga lauya tukuna.

Bizar da dillalin yake faɗi gaskiya ce, sunanta biza ta U, an ƙirƙiro ta a 2000 don waɗanda aka yi wa manyan laifuka, irin mummunan duka, kuma suka taimaka wa bincike. Guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara, jira kuma na shekaru ne. Fom ɗinta, I-918, sai an haɗa shi da takardar da 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara ya sa wa hannu cewa ka ba da haɗin kai, kuma wata shida wannan sa hannun yake aiki. To, wanda bai kai ƙara ba, wa zai sa masa hannu? Shirun da kawu ke so shi zai rufe maka wannan ƙofar.

Dillalin nan kuwa, ka guje shi kamar wuta. Na ga wanda ya biya irinsa, ashe neman mafaka ya cike masa da labarin ƙarya, bawan Allah bai sani ba sai da takardar kotu ta iso. Wasu har fashin ƙarya suke shiryawa a shaguna don a sami wannan biza, kuma an gurfanar da irinsu a kotun tarayya. Lauya ne kawai, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ke da ikon riƙe maka wannan magana. Ka kira 311, lambar wayar neman taimako ta birnin, ka nemi taimakon lauyan shige da fice na kyauta, ka ce kana son tafinta.

Kawu ya ba ka wurin kwana, wannan alheri ne, kada ka ɗaga masa murya. Amma kai aka fasa wa kai, kuma bai dace babba ya sa yaro ya haɗiye zalunci don shi ya yi barci ba. Ka zauna da shi bayan isha'i, ka ce ba za ka kira kowa gida ba, da ƙafarka za ka je ofishin 'yan sanda. Ka kuma gaya wa Inna gaskiya, cewa kuɗin wannan watan ba za su zo ba. Kada ka ci bashi ka aika don a ce kana lafiya.

Kafin a cire ɗinkin, a ɗauki hoton raunin. Ka adana takardun asibiti da rasitin keken, ka rubuta ranar da lokacin da titin tun kana tunawa, kuma kada ka baro ofishin 'yan sanda sai an ba ka lambar ƙararka.