Me haruffan da ke bayan mota suke nufi?

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar irin su LE, XLE da RX 350 da ake maƙalawa a bayan mota. Abu biyu ake haɗawa a wajen: matakin kayan alatu da girman inji.

A Toyota Camry, LE ita ce ta gama-gari, XLE ta fi ta kayan jin daɗi, SE kuma an yi mata zubi irin na motar tsere. A Honda, LX ce ta ƙasa, sai EX, sai EX-L mai kujerun fata. Sau da yawa injinsu ɗaya ne, kaya kawai aka ƙara, don haka kada dillali ya tsuga maka kuɗi da sunan XLE ta fi gudu.

Lamba kuwa a da girman inji take nunawa. Lexus RX 350 ta kafin 2023 lita 3.5 ce, RX 300 ta farko lita 3.0. A BMW 320i, 3 jerin motar ne, 20 lita 2.0, i na fetur, d kuma na dizal. Sai dai tun da turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ya yawaita lambar ta daina faɗin gaskiya: BMW 328i ta 2012 mai ƙofa huɗu injinta lita 2.0 ne. 4MATIC a Marsandi na nufin duk tayoyi huɗu suna ja.

Ni dai ban cika yarda da tambarin baya ba, ana saye a kasuwa a liƙa. Duba lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai gurbi 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin Amurka gurbi na 10 shi ne shekarar motar: 9 na nufin 2009, A kuma 2010.