Esin motata na ƙara: gas ne ko kwamfiresa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla samfurin 2006, 'yar Kwatano. Tun shigowar zafin bana, da na kunna esi da safe sai in ji ƙiii na 'yan daƙiƙu, daga nan wani gurnani ya biyo baya, ba ya tsayawa muddin esin na aiki. Idan na kashe motar kuma ina jin shuuu daga cikin dashbod. Mai gyara ya ce gas ne ya yi ƙasa, an ƙara har sau biyu, amma ƙarar na nan, sanyin ma ya ragu. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙara uku ka lissafa, kuma ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Kafin komai, don Allah kada a sake ƙara wa motar nan gas, kuma ka haƙura da esin har a duba ta, ko da zafin Zariya ya kai inda ya kai.

Shuuu ɗin bayan kashe mota ba ciwo ba ne. Gas ɗin ɓangaren da ke da matsi mai yawa ne ke ratsa wani ɗan bawul a bayan dashbod zuwa ɓangaren da matsinsa bai kai ba, har su daidaita. Minti ɗaya ko biyu ya wuce. Sai dai in ana jin sa ba yankewa alhali esi na aiki, to nan ana zargin ƙarancin gas.

Ƙiii ɗin safe kuwa yawanci bel ne ke zamewa. Kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, tana da kulocin maganaɗisu a gabanta, da ka danna maɓallin esi sai ya kama, ƙas, nauyi ya hau kan bel farat ɗaya. Idan bel ya tsufa, ya yi santsi, ko tenshina mai riƙe shi ta saki, sai ya yi kuka kafin ya kama. Amma a kula, lafiyayyen bel ma yana kuka idan kwamfiresar da yake ja ta yi tauri. Shi ya sa ban yarda a canja bel a ce an gama ba.

Gurnanin shi ne ya dame ni, kuma kai da kanka za ka iya gano rabin amsar ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Ka tsayar da mota, ka ja birkin hannu, ka bar injin a silo. Fara da esi a kashe, fankar ciki ma a kashe, ka saurara. Sannan ka kunna fankar ciki kaɗai, ka kai ta lamba ta ƙarshe ka dawo da ita. Daga nan ka danna esi. Abin da kake nema shi ne a wane mataki ƙarar ta shigo.

In tana nan tun esi na kashe, tana kuma tashi idan ka taka totur, to boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da ke cikin fulin da bel ke juyawa: na fulin kwamfiresa, ko na tenshina, ko na altaneta. Fulin kwamfiresa yana juyawa muddin injin na aiki, ko an kunna esi ko ba a kunna ba. Wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi, ba sai an taɓa gas ba a mafi yawan lokuta. In kuma ƙarar na bin fankar ciki, tana ƙaruwa da ƙarin lamba, to matsalar na ƙarƙashin dashbod ta gefen mai zaman banza. Busasshen ganyen darbejiya, leda, har sheƙar ɓera duk ana samu a can. A ciro filtar da ke bayan akwatin dashbod, in motar na da ita, a duba. Bayan ƙurar hunturu da wuya a same ta da tsabta.

Amma idan shiru ne sai an danna esi, kuloci ya kama, sannan gurnani ya tashi kamar ana niƙa tsakuwa, to ƙarar daga kwamfiresa take, ko daga nauyin da aka ɗora mata. Yadda ka bayyana, nan zargina ya fi karkata, kuma a nan ne ƙarin gas ɗin da aka yi maka ya shigo cikin maganar.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. In ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo. Kuma man da ke shafe cikin kwamfiresa tare da gas ɗin yake zagayawa, don haka duk inda gas ya fita mai ma na bin sa. A yi ta ƙara gas ba a toshe yoyon ba, ba a mayar da mai ba, ƙarshenta kwamfiresa ta koma aiki a bushe. Ɗaya ɓarnar kuma ita ce cikawa fiye da ƙima. Motarka gas samfurin R134a take sha, kuma ƙananan motoci irinta kusan rabin kilo ne awonsu. Ainihin adadin na rubuce a wata takarda da aka manna a ƙarƙashin bonet. Mai gyaran da ke ɗura gas da ka, yana taɓa bututu da hannu don ya ji ko ya yi sanyi, cikin sauƙi zai zarce. Gas in ya yi yawa matsi na hawa, kwamfiresa ta yi nishi, bel ya zame, sanyi kuma ya ragu maimakon ya ƙaru. Ka ga alamomin nan duk sun yi daidai da naka.

Ga abin da za ka nema a gareji. A sa geji a ɓangarorin biyu, mai ƙaramin matsi da mai babban matsi, ba ɗaya ba. A rana mai zafi ƙaramin ɓangaren kan zauna wajen 30 zuwa 45 a ma'aunin psi, babban kuma wajen 200 zuwa 250, ya ɗan ɗara in zafi ya haura digiri 40. Idan duka biyun sun yi sama, ko gas ya yi yawa, ko kwandensa, wadda ke gaban lagireto tana sauke zafin gas, ba ta hucewa. A duba fankar lagireto ko tana tashi da an kunna esi, a kuma wanke ƙurar da ta toshe kwandensar da ruwa marar ƙarfi. Motar da ke sanyi a kan hanyar Kaduna amma ta ɗumame a cunkoson cikin gari, sau da yawa nan ne ciwonta. Idan kuwa allurai biyun sun matso kusa da juna alhali kuloci ya kama, kwamfiresar ta daina matsa gas. Sannan a kashe injin, a cire bel, a juya kowane fuli da hannu, a juya farantin kulocin ma. Duk wanda ya yi garas-garas ko ya cije, ya tona kansa.

Dalilin da ya sa na ce ka haƙura da esin shi ne, kwamfiresar da ke cin kanta tana watsa garin ƙarfe cikin bututu gaba ɗaya. Idan abin ya kai haka, sabuwar kwamfiresa kaɗai ba ta isa ba. Dole a wanke bututu, a canja bawul da diraya mai tsotse laimar gas, galibi har da kwandensa, don ƙofofinta sun yi ƙanƙanta da yawa, ba sa wankuwa. Wanda ya tsallake wannan, sabuwar ma garin ƙarfen zai kashe ta. Ga kuma wani haɗarin: a injin Corolla irin taka bel ɗaya ne ke jan kwamfiresa da altaneta da famfon ruwa. Fuli ya cije a hanya, bel ya tsinke, injin ya ɗau zafi.

Idan an zo mayar da gas, ka tsaya a wurin. A zuƙe iska da injin zuƙa na aƙalla minti 30, a ga allura ta tsaya cak ba ta dawowa, a zuba man kwamfiresa samfurin PAG daidai awo, sannan a ɗura R134a a kan sikeli. Ka karanta jikin tukunyar da idonka, domin akwai gas ɗin firji da na esin ɗaki waɗanda ba na mota ba ne, wasu ma suna kamawa da wuta. Tsohon man da aka juye daga kwamfiresa kuma a nuna maka shi. In garau yake, da sauran fata. In ya yi baƙi ko yana ƙyalli da ƙarfe, to ka shirya wa babban gyaran. Allah Ya sa abin ya tsaya a bel da boris.