Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon gem ɗin da aka tsinta a kwali

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ɗan taɓo maganar kamfanin gem na Sega a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya, tsofaffin gem. Na zaɓi biyar, na ɗan gajarta wasu saboda wuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni shekarata 44. Watan jiya muna kwashe kayan ɗakin yayana, Allah Ya jiƙansa, sai na ci karo da wani kwali, ina buɗewa sai ga gem ɗinmu na yarinta, fari da jan nan, Family Computer, har da kaset huɗu, a jikin na Contra ma akwai sunansa da ya rubuta da biro a 'yar takarda ya liƙa. Wallahi zama na yi a ƙasa na kasa tashi. Ina so in kunna amma ina tsoron kar in ƙona shi, sannan ina ta tambayar kaina anya lafiyata ƙalau kuwa, babba da ni ina hawaye a kan abin wasan yara?

AMSA: Allah Ya jiƙan Yaya, Ya kai haske kabarinsa, ku kuma Ya ƙara muku haƙuri. Lafiyarka ƙalau ɗan'uwa, kuma tun da ka ce Contra na gane inda abin ya taɓa ka. Wannan gem ɗin ai ba ya daɗi sai da mutum biyu, kafaɗa na gogar kafaɗa, domin hannayen Family Computer a haɗe suke da injin, wayar kuma gajera ce, dole ku matso kusa da juna ku matso kusa da talabijin. Ka tuna matakin ruwan nan mai gangarowa daga dutse, wanda in ɗaya ya yi gaggawar hawa sama sai allon ya bar na ƙasa ya mutu? Nan ake faɗa, nan ake koyon jiran juna. In ranka ya ƙare kuma ka lallaɓa ka ɗauki ɗaya daga cikin na ɗan'uwanka, shi ma wani faɗan ne. Mutumin da ka yi wannan zaman da shi ne ka gani a cikin kwalin, to yaya ba za ka yi hawaye ba.

Yanzu maganar kunnawa, kuma don Allah ka bi a hankali. Nintendo ta fito da wannan inji a Japan a watan Yulin 1983, in na asali ne to adaftarsa ta wutar Japan ce, bolt 100, in ka soka ta kai tsaye a wutar da ta haura 200 nan take za ka ji ƙauri. Ka fara karanta rubutun jikin adaftar tukuna. Na biyu, kar ka ce bari ka ari kowace adafta da bakinta ya shiga. Ta NES, wato samfurin da aka kai Amurka a 1985, wutar AC take fitarwa, shi kuwa naka DC yake so, mutane da yawa ta haka suka kashe nasu. In kuma naka irin kwaikwayon nan ne da suka cika duniya a lokacin, duk dai shawarar ɗaya ce, abin da aka rubuta a ƙasan injin shi za ka bi.

Ni da ni ne kai, mai gyaran rediyo zan fara kai wa ya buɗe ya duba kafasitocin ciki, wato 'yan ƙananan kayan da ke riƙe wuta a jikin allon injin, don abin da ya yi shekara talatin a ajiye wasu kan kumbura ko su tsiyayar da ruwa su ci allon. Abu ne mai sauƙin canzawa in an gani da wuri. Takardar nan mai sunan Yaya kuma kar ka bari wani ya ɓare ta da sunan goge kaset. Ranar da ya kama, ka saka kaset ɗin Contra, kafin ka danna Start ka gwada sirrin nan na ƙara rai: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. In ka ga rai 30 to ka kira wani a gidan ya riƙe hannu na biyu.

TAMBAYA: Malam mu da muna yara in kaset ya ƙi kamawa hura shi muke yi da baki, kuma yana kamawa. Yanzu ƙanina ya ce wai ɓata shi muke yi. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Ƙaninka. Abin da ke sa ya kama ba hurawar ba ce, cirewa da mayarwar ne, haƙoran ƙarfen kaset ɗin suna sake zama daidai a mazauninsu. Iskar baki kuwa da danshi take tafe, yau da gobe sai ƙarfen ya dusashe ya fara tsatsa. Ka samu ɗan tsinken auduga na goge kunne, ka ɗiga masa sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allo da shi, ka goga a haƙoran gaba da baya, za ka ga audugar ta yi baƙi. Ka bari ya bushe sannan ka saka. Shi ke nan.

TAMBAYA: Na sayi tsohon NES da bindigarsa saboda gem ɗin harbin agwagwa, Duck Hunt. Na haɗa da sabuwar talabijin ɗina, duk harbin da na yi ba na samu, karen nan sai dariya yake min. Sannan hoton ma duk ya yi muni, ba haka na san shi ba. An cuce ni ne ko idona ne ya canza?

AMSA: Ba a cuce ka ba, bindigarka wataƙila lafiyarta lau, talabijin ɗin ce ba tata ba. Bari in gaya maka yadda abin yake don yana burge ni har gobe. Bindigar ba ta harba komai, ido ne a cikinta mai ganin haske. Da ka ja kunamar sai allon ya yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan a zana farin murabba'i a daidai inda agwagwar take, in idon bindigar ya ga duhu sannan ya ga fari a wannan ɗan lokacin to ka samu. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana nuna hoto ne nan take yadda ya zo mata. Ta zamani sai ta karɓa ta sarrafa ta gyara tukuna, kafin farin ya fito injin ya riga ya gama dubawa ya ce ka kuskure. Don haka in dai agwagwa kake so, sai ka nemo tsohuwar talabijin, ko ƙarama ce.

Maganar muni ma gaskiyarka ce, ba idonka ba ne. Hoton NES ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye, kuma waɗanda suka zana shi a kan tsohuwar talabijin suka zana, sun san za ta ɗan narkar da gefen launuka ta haɗe su, fuska ta fito kamar fuska. Sabuwa kuwa buɗe shi take yi ya cika ƙaton allo, kowane ɗigo ya fito da kusurwarsa tsirara. Abin da zai ɗan taimaka, ka shiga saitin talabijin ka mayar da hoton 4:3 kar ta miƙe shi, ka kuma kunna saitin gem in tana da shi, yana rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da tsallen Mario.

Wani abin da mutane ba su cika lura ba, wanda ya taso da injin tsarin Turai, PAL, hotonsa sau 50 yake juyawa a daƙiƙa, na Japan da Amurka sau 60. Shi ya sa wani zai kunna Sonic na 1991 yanzu a waya ya ce kai, kiɗan nan ya yi sauri, ba haka yake ba. Haka yake, naka ne yake tafiya a hankali tun asali, kuma kunnenka bai manta ba.

TAMBAYA: Kaset ɗin nan da ake rubuta 9999 in 1, da gaske gem dubu tara ne a ciki?

AMSA: A'a. 'Yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, a canza suna, a canza launi, ko a fara maka daga mataki na uku a ce sabon gem ne. Ba Nintendo ke yin su ba. Amma fa ta hanyarsu yara da yawa a duniya suka san Mario da gem ɗin tankar yaƙi, wannan kam ba zan raina musu ba.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, yarana uku. Maigidana ya dage sai ya saya musu irin gem ɗin zamaninsu, wai ya fi na waya tarbiyya. Ni kuma gani nake kewar yarintarsa ce kawai take damunsa, yaran ko kallo ba za su yi ba. Ka raba mana gardama.

AMSA: Hajiya ku duka biyun kuna da gaskiya, amma zan ɗan karkata wajen maigida, ki yi haƙuri. Kewa kam akwai ta, ba sai an faɗa ba. Sai dai ba kewar ce kaɗai ba, gem ɗin wancan lokacin ginin su daban ne. Super Mario Bros. da Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fitar a 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, hoto ɗaya da kika ɗauka da wayarki ya ninka shi sau da yawa, injin kuma ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 2 ce tak. Saboda ƙarancin wuri har gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canza, ki duba da kyau za ki gani. Mutanen da ke aiki a irin wannan ƙunci ba su da wurin zuba shirme, dole kowane tsalle ya yi daɗi. A cikin wannan ɗan wurin suka shirya matakai 32, kuma matakin farko shi ke koya wa yaro wasan ba tare da an rubuta masa ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna da yawancin gem ɗin waya na kyauta shi ne ba su da ƙarshe, an gina su ne don kar yaro ya ajiye, ga talla kowane minti, ga saya wannan saya wancan, ga baƙin mutane da za su iya yi masa magana ta intanet. Tsohon kaset ba ruwansa da duk wannan. Ka mutu ka koma baya, ka sake, ka sake, ranar da ka cinye ka cinye, a kashe a tashi. Kuma hannu biyu ne yara uku, dole a yi layi, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba.

Inda nake bayanki shi ne, in ya saya ya ajiye musu ya fita, kwana biyu za su koma waya, wannan ba makawa. Abin ba ya kama yaro sai babban ya zauna a ƙasa tare da su, su ga babansu ya faɗa rami su yi ihu. In ba zai samu wannan lokacin ba to gara ya bar kuɗinsa.

Kuma ba sai ya wahalar da kansa neman tsohon inji ba. Nintendo ta fitar da ƙaramin NES a 2016 da gem 30 a ciki, ƙaramin Super Nintendo a 2017 da 21, Sega ma ta yi nata ƙaramin Mega Drive a 2019 da 42, duk da wayar HDMI suke aiki a talabijin ta zamani, sai dai na jabu sun yi yawa, ya duba da kyau. Ga yara ni na fi son na Super Nintendo saboda Mario Kart da Street Fighter II, nan ne za a yi gasa har ke ma a ja ki ciki. Ku sa musu lokaci, awa ɗaya bayan an gama aikin makaranta ya isa, kuma ƙaramin cikinsu a bar shi ya fara riƙe hannu na ɗaya.

Mai tambaya a kan PlayStation ta farko da sai an kifa ta take karanta faifai, na ga saƙonka, idon lesar ne ya gaji, kar ka jefar da ita. Amsarka tana da ɗan tsawo, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.