Injin yankan ciyawa da ke mutuwa da zarar an saki burki

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka: injin yankan ciyawar filin ƙwallon makarantarku, irin wanda ake hawa, yana tashi lafiya lau amma da ka ɗaga ƙafa daga burki ko ka kunna wuƙa sai ya mutu, kuma wani rewaya ya ce a yanke wayoyin ƙarƙashin kujera a huta. Don Allah kada ka bari ya taɓa su.

Ni gyaran janareta ne sana'ata a wajen Ƙofar Ƙaura, amma duk farkon damina sai an kawo mini irin waɗannan, John Deere da Husqvarna galibi, daga gidajen GRA da makarantu. Abin da ka faɗa ba ciwon inji ba ne. Layin wuta iri biyu ne a jikinsa. Na farko na tayarwa: wuta ta fito daga batir mai volt 12, ta bi fiyus, ta bi makulli, ta ratsa makunnin burki da na wuƙa, kafin ta isa sulanoid, wato makunnin da ke sakin wutar batir, ya buga kik. Tunda naka yana tashi, wannan layin lafiyarsa ƙalau, ka manta da shi.

Na biyun shi ne na kashewa, kuma nan mutane ke ruɗewa. Kwayil, wato abin da ke ba filogi wutar tartsatsi, a waɗannan injinan, kamar Briggs & Stratton, ba ya shan wutar batir, maganaɗisun jikin filawil, faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, shi ke ba shi. Kashe shi kuwa, siririyar wayarsa ake haɗawa da bodi, filogi ya daina tartsatsi. Makunnin ƙarƙashin kujera aikinsa ke nan: in babu nauyin mutum a kai, kuma burki a sake yake ko wuƙa na juyawa, sai ya haɗa wayar nan da bodi. Wato injinka gani yake ba kowa a kansa.

Ka ɗaga kujerar ka duba. Wata bakwai ko takwas injin na ajiye a sito tun ƙarshen damina, ƙurar hunturu ta cika soket, ɓeraye sun yi ta gaigayar roba. Bara na buɗe wani, sai ga gidan zanzaro daram a kan maɓallin, laka ta bushe ta hana shi dannuwa. Tsinken tsintsiya na sa na kankare, na goge bakin soket da samfefa, shi ke nan. Mai shi har ya sa a nemo masa kwayil daga Kano. Wani lokacin kuma soson kujerar ne ya mutu, ko farantin ƙarfen ya lanƙwashe, in mai tuƙin ba shi da jiki ba ya iya danna shi. In kana da mitar auna wuta, zare makunnin ka auna shi a danne da kuma a sake, dole karatun ya canza. In bai canza ba, sabo za ka nema. Zare soket kawai ba ya raba gardama, don wasu an yi su ne yadda da ka zare za su kashe injin da kansu. Ka kuma bi wayar har inji, ko ta goge ta taɓa ƙarfe.

Kashedi ɗaya: kada a ɗana wutar batir a kan siririyar wayar kwayil da sunan gwaji. Ni na taɓa yi ina sabon shiga, na ƙona kwayil, na biya daga aljihuna.

Batun yankewa kuwa, na ga ƙarshensa. Wani mai gadi da aka cire wa injin gidansu wannan makunni ya sauko cire igiyar da ta naɗe, inji na aiki, wuƙa na zagaye wajen 3,000 a minti. Silifa ne a ƙafarsa. Yatsu biyu suka tafi. Kai kuma fili ne na yara, in mai tuƙin ya zame ya faɗo, injin zai iya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Ka zare makulli da wayar filogi kafin ka sa hannu ko'ina. In ka duba, ɗauko hoton soket ɗin ka turo nan, mu ga ko mai waya biyu ne ko mai huɗu.